Inna Jibi Ta Masana'antar Sabulu

Kafin jiniyar safe ta yi kuka a masana'antar sabulun da nake aiki, akwai wata mata da ta riga ta yi nisa da zagayenta. Ta ƙaramar ƙofa take shigowa, jaka a kafaɗa, takalmin roba a ƙafa, kuma ba ofis take nufa ba. Wajen tankunan man ja take fara zuwa, ta sa a buɗe mata ta gani da idonta. Daga nan sai sito, ta bi buhunan soda da duro-duron turare da kwalaye da takardar naɗi. Ta leƙa ɗakin janareto ta tambayi dizal. Sai ta gama wannan duka take tsayawa gaban babban allon da ke bangon ɗakin injina, ta ɗauki alli ta rubuta abin da kowane layi zai yi a ranar.

Ita ce jami'ar tsare-tsarenmu. Aikinta shi ne ta san me za a yi, da me za a yi shi, wa zai yi, kuma yaushe kayan za su ƙare. Mun sa mata suna Inna Jibi, don duk wanda ya je mata da murnar cewa yau kaya sun wadata, amsarta ɗaya ce: "To, jibi fa?" Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ni da nake shugabantar masu naɗe sabulu na ga bai kamata ta fita shiru ba.

Ba zan ce muku mace ce mai sauƙin kai ba. Idan ta ce a'a, ko kuka za ka yi ba ta canzawa, kuma na sha fitowa daga ofishinta ina ƙunƙuni. Mijinta tela ne mai barkwanci. Wata rana da ya zo ɗaukarta muka kai masa ƙara, sai ya ce, "Ku da kuke ganinta da rana kawai kuke kuka? Ni a gidana ko ashana ba ta isa ta ƙare ba sai da izini."

Shekarar da ruwa ya cinye gadar babbar hanya muka san ko wace ce ita. Tankokin da ke kawo mana man ja suka maƙale a tsallake, ba wanda ya san ranar da za a gyara. Ba mai, ba sabulu. Masu kamfani suka bugo wa manaja waya cewa a kunna layuka duka, a ƙarar da ɗan man da ya rage, a sallami manyan diloli, sannan a rufe sai hanya ta buɗe. Mu masu albashin wata da sauƙi. Amma yawancin masu naɗi da masu lodi aikin yini suke yi, ranar da ba a yi aiki ba tukunya ba ta hawa wuta a gidajensu.

Ina cikin taron da manaja ya kira. Mutumin kirki ne, kana ganin fuskarsa ka san umarnin bai kwanta masa ba. Da ya gama bayani kowa ya sunkuyar da kai, sai Inna ta gyara zama.

"Yallaɓai, a ba ni dama in faɗi wata hanya."

"Faɗi, Inna."

Ta ce a tsayar da layin da ke yin babbar sandar sabulu, shi ne mai shan mai, a koma ƙananan sabulai da masu kanti da asibitoci suke saye. Gutsattsarin sabulun da aka tara a bayan sito ana jiran mai saye a wulaƙance, a narka su a yi sabulun wanki. Babban gyaran injina da aka shirya yi bayan damina, a jawo shi yanzu, makanikai su samu hannaye, waɗanda layinsu ya tsaya su samu aiki.

Manaja ya ce, "In muka yi haka kuma hanya ba ta buɗe ba fa?"

"To, sai mu rufe, Yallaɓai. Amma za mu rufe da injina gyararru, mutane kuma sun ci abinci kafin ranar."

A gabanmu ya ɗauki waya ya kira masu kamfani, ya ce ya ɗauki nauyin abin a wuyansa. Shi ma ya cancanci godiya.

Daga ranar Inna ba ta ƙara zama ba. Duro ɗaya ba ya fita daga sito sai ta san inda za shi. Za ka ga mai naɗi da burushi tana wanke tanki, mai lodi yana riƙe wa makaniki sifana. Janareto ma sai lokacin da ta tsara ake tayar da shi. Aka yi gunaguni, har wasu suka ce ta mayar da su leburorin gini. Ta ci gaba da aikinta.

Akwai wani babban dila da ya saba a cika masa tirela kafin kowa. Da ya ji an ce ya jira, sai ya aika da sabon firji gidanta tana wurin aiki. Mijinta ya nemo baro, ya ɗora firjin, ya tura shi da kansa har ƙofar shagon mutumin. Daga baya yake ba ni labari: "Ƙanena, tun ba a jona shi ba na ji sanyinsa a raina. Amma na san in ta dawo ta same shi, ni zan kwana a ciki." Dilan ya yi fushi, ya koma wani kamfani, har yau bai dawo ba. Masu kamfani sun daɗe suna yi mata gorin wannan asarar, ita kuwa ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba.

Duk da dabarar nan, sai da man ya ƙare hanya ba ta buɗe ba. Wata safiya dole aka ce masu aikin yini su koma gida. Inna ba ta aiki kowa ba. Ita da kanta ta tsaya a bakin ƙofa tana faɗa musu ɗaya bayan ɗaya. Wata mai naɗi, bazawara mai 'ya'ya ƙanana, ta ce, "Inna, yanzu ina zan sa kaina?" Ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, ba zan yi miki alkawarin rana ba. Amma mai yana hanya, ki bar wayarki a kunne."

Gaskiya ta faɗa. Tun farkon abin ta yi ta waya da shugaban direbobi, har suka shirya a juye man a duro-duro, ƙananan motoci su zagayo da shi ta wata doguwar hanya mai taɓo. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, motar farko ta shigo, laka har gilashi. Da yake injinan sun sha gyara, ana kunnawa suka ɗauka, ba gardama. Mutane suna ta sowa. Na waiga ina nemanta, sai na hango ta zaune kan wani buhu a bakin sito, ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura, tana share ido da gefen mayafi. Na juya kamar ban gani ba.

Inna, ke ce katangar da muka jingina ba mu sani ba. Sunanki ba ya jikin kwali, hotonki ba ya cikin talla, wanda ya yi wanka da sabulunmu bai san da ke ba. Aikinki irin wanda in ya yi kyau ba a ganinsa ne, sai ya lalace ake neman mai shi. Ke kuwa shekara da shekaru ba ki bari an neme ki ba. Kuma ba ki ɓoye abin da kika sani ba: wadda za ta gaje ki ta daɗe tana bin ki zagaye, har ta fara ɗaure mana fuska irin taki.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanki su ji ƙanki kamar yadda kika ji ƙan na wasu. Ku kuma da aka damƙa wa kayan mutane, a sito ne ko a ofis ko a gona, ku riƙe su kamar yadda ta riƙe, ku tuna bayan kowane buhu akwai gidan da yake jiran abinci. In kuwa akwai irinta a wurin aikinku, kada ku jira ranar ritaya kamar yadda na yi. Ku je gobe da safe ku gaishe ta, ko da za ta ce kun tsayar mata da aiki.