Ranar da Na Je Tarbar Kakar Nisha

Sri Petaling

Ina idar da sallar asuba na fito, gari bai waye ba. Mu biyu ne: ni da Nisha, 'yar maƙwabciyata Kavita, yarinya mai shekara sha biyu. Iyayenta 'yan Indiya ne, daga ƙabilar Jat, manoman jihar Haryana, uban yana aikin kwamfuta a nan Kuala Lumpur. Ƙofarmu na kallon tasu tun da maigidana ya kawo mu wannan gari yin digirinsa na uku.

An yi wa Kavita aiki an ciro mata jaririya, 'ya mace ta uku. Mijinta Rajbir ya roƙe ni in je filin jirgi in tarbo mahaifiyarsa, wai ba zai iya barin asibiti ba. Tsohuwar ba ta jin Turanci, don haka aka haɗa ni da Nisha ta yi mana tafinta. Ƙanwarta kuwa na bar ta tana barci cikin yarana.

Mun hau jirgin ƙasa na farko, muka sauya a Bandar Tasik Selatan zuwa mai tafiya filin jirgi. Tsadarsa ta ba ni haushi, amma akwai sanyi da tsafta. Muna wuce gonakin kwakwar manja Nisha ta ce, "Anti, Baba bai faɗa wa Dadi cewa mace ce ba. An sauka lafiya kawai ya ce mata." Dadi shi ne kaka ta wajen uba a harshensu. A nan na gane ba jinya kaɗai ta tsare Rajbir a asibiti ba.

Filin jirgi

Jirgin Delhi ya sauka a kan lokaci, sai dai layin masu duba fasfo ya riƙe su har hantsi. Ta fito tana tura kaya da kanta: doguwar mace, busasshiya, da farin mayafi da hannaye irin na wadda ta sha noma. Nisha ta durƙusa ta taɓa ƙafafunta, ita kuma ta dafa mata kai. Ni ta haɗa tafuka ta gaishe ni, na ce mata sannu da hanya da Hausa, muka fahimci juna.

Sai da muka zauna a jirgin komawa gari ta zuge jaka. Ta nuna mini gwangwanin man shanu daga nonon ɓaunarta, da dunƙulen alawar ƙaro da ake ba mai jego, kamar yadda muke dama kunun kanwa. Sannan ta juya ga jikarta: "Chhora? Chhori?" Wato namiji ko mace.

"Chhori," in ji Nisha.

Tsohuwar ta rufe jaka. Ta fara magana, Nisha na juya mini da murya ɗaya kamar mai karanta allo. Ta ce a ƙauyensu idan an haifi namiji ana kaɗa faranti na tagulla duk unguwa ta ji, idan mace ce gidan ya yi tsit. Ta ce 'ya mace dukiyar wasu ce, ajiya aka ba ka. Ta ce gonar Rajbir, in ba ɗa, 'ya'yan ƙannensa za su nome ta. Ta ƙara wasu kalmomi, Nisha ba ta juya mini su ba.

"Me ta ce?"

"Wannan ba na fassarawa ba ne, Anti."

Ban matsa ba. Na tuna yadda guɗar wasu ungozomomi a gida take gajarta in an ce mace ce.

Kampung Baru

Mun sauka babbar tasha da azahar, yunwa ta kama mu. Na kai su Kampung Baru don in yi sallah a masallacin unguwar, mu kuma ci abinci. Dadi ba ta cin nama ko kifi ko ƙwai, saboda haka shinkafar kwakwar da aka san wurin da ita ba ta yi mata ba, akwai ƙananan kifi a miyar. A wani shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, muka samu gurasarsu mai laushi da miyar wake. Na ce wa mai shagon kada nama ya taɓa, ya ce, "Boleh, boleh," wato ba matsala a harshen ƙasar. Ta ci, ta ce wake ya yi ruwa. Ta yago rabin gurasarta ta ɗora a farantin Nisha ba tare da ta dube ta ba. Na sa aka ƙunsa wa Rajbir nasa. Ruwan la'asar ya tsuge kamar kullum, muka tsayar da tasi.

Titiwangsa

Asibitin yana kusa da tafki. Rajbir ya tarbe mu a bakin ɗaki, ya taɓa ƙafar uwarsa, ya kasa haɗa ido da ita. Kavita ta ja mayafi ta rufe kai. Jaririyar na barci a ɗan gadonta, tsohuwar ta tsaya tana kallonta daga nesa.

Ana haka waya ta yi ƙara: mahaifin Rajbir ne daga ƙauye, ta bidiyo, yana zaune da rawani a kan gadon igiya. Ya ji labari, ya yi gyaran murya, ya ce a sa mata Bhateri. Nisha ta raɗa mini cewa ma'anarsa "sun isa haka", suna ne da ake sa wa mace don mai bi mata ya zo namiji. Rajbir ya fara cewa to.

Dadi ta karɓe wayar. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta yi doguwar magana ba. Wannan karon Nisha ba ta jira na tambaya ba: "Ta ce ita Dadi sunanta ke nan. Ita ce mace ta huɗu a ɗakinsu, da shi aka aurar da ita, da shi ta tsufa. Ta ce Bhateri ɗaya ta ishi gida." Ta miƙa wa ɗanta wayar.

Daga nan ta ɗauki jaririyar, ta duba yatsunta da kunnuwanta, ta ce hancin na Rajbir ne. Ta gutsuro alawar ƙaro ta ba Kavita a baki. Kafin mu fito ta ce, in Allah ya so, baɗi namiji. Kavita ta dube ni. Likita ya riga ya ce mata kada ta sake haihuwa, kuma babu wanda ya faɗi haka a ɗakin.

Gida

Daga Titiwangsa jirgi ɗaya ne har Sri Petaling, babu sauyi. Mun iso da magariba. Da na leƙa gidansu na tarar tsohuwar tana shafa wa Nisha mai a ka; Nisha ta ce mini tana tambayarta ajin da take.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da maigidana Baban Amira da ya yini da yara huɗu bai yi ƙorafi ba. Ana sallamar Kavita jibi. Jaririya dai har yanzu ba ta da suna. Abin da aka tabbatar kawai shi ne wanda ba za a kira ta da shi ba.