Turmin Goggo Shatu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 2006, Allah ya karɓi ran aminina Zubair Mijinyawa a gidansu da ke unguwar Moursal, bayan gajeriyar jinya. Har yau zuciyata ta ƙi yarda.

Zubair, rabin garin nan na bin kiɗanka da baki ba tare da sanin sunanka ba. Kai ka haɗa kiɗan tallar shayin nan ta rediyo, da na fina-finan da nake tacewa a gidan talabijin. Masu fim su zo ɗakin aikinka, su saurari kaset, su zaɓa, ka ba su izini. In yaro ya zo da fim ba shi da ƙarfin biya, sai ka ce, "Kalas, shi ke nan, ɗauka, ka dai kula da sautin." Na sha yi maka faɗa kan wannan sakin hannu, kai kuwa sai dariya.

Abu ɗaya ya hana ka sakat: Goggo Shatu da ta rene ka. Takan ce kakanninku Makka suka nufa da ƙafa, ba kiɗa ya kawo su nan ba. Ba ta taɓa sa wa sana'arka albarka ba, kuma na san yadda hakan ke cin ka. Ba ta san ka taɓa laɓewa da rikoda ka ɗauki sautin dakanta ba, balle ta san shi ne bugun da ke ƙarƙashin kowane kiɗa naka. Na ce ka gaya mata, ka ce, "Idris, bari kunnenta ya gaya mata."

Ranar sadakar uku na shiga gaishe ta, sai rediyon maƙwabta ya saki tallar shayin. Na zabura zan je a kashe, ta ɗaga mini hannu. Ta saurara har ƙarshe.

"Idris, wannan ai turmina ne."

"Shi ne, Goggo."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Allah ya yi maka albarka, Zubairu."

Ta faɗa, aminina. Ni na ji, kai ba ka ji ba, kuma wannan ne ke sa ni kuka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo, da matarka Khairat, da 'yarka Hamdiyya. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya isar maka da albarkar nan inda kake. Amin.