Kumburin da ke bugawa a cikin Baba

Asuba ta yi mana a tashar Funtuwa, ni da Baba da ƙanena. Wani kumburi ne ya fito wa Baba a saman cibiya, yana bugawa kamar zuciya. Shi kuwa maganinsa ɗaya: ya ɗaure wurin tamau da tsohon rawani, ya saɓi fartanya. Da ƙyar muka lallaɓa shi ya yarda da zuwa Zariya.

Direbanmu ba ya ga maciji da birki. Daga Giwa zuwa Shika babu ramin da bai gaisa da shi ba, Baba na ta yi masa tsiya wai ko rabon gado zai je.

A Sabon Gari aka ɗauki hoton cikin. Muna jira muka ci waina a bakin kasuwa, 'yan acaɓa na bulbula mana hayaƙi. Baba ya cinye tasa ya haɗa da tawa. Da mai hoton ya fito, ya ƙi haɗa ido da mu, ya ce mu wuce Samaru wurin wani likita.

Likitan ya ce babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya ce ta buɗe ta yi tulu. Da hannunsa ya kwance rawanin, a hankali. Shi da wani abokinsa injiniya suna gwada lissafin gudun jini a kwamfuta. Suka nuna mana yadda jinin ke juyawa a cikin kumburin yana dukan bango, inda ya fi sirancewa ya yi ja. Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

"Ɗana, zan ga kakar bana?" Baba ya tambayi likitan.

"Baba, na'ura tana nuna inda zai iya fashewa, ba ta nuna ranar. Tiyata kuma jikinka ba zai ɗauka ba. Ka bar noma, ko bokitin ruwa kada ka ɗaga."

Muna shiga gida Inna ta tambayi magani, na miƙa mata hoton cikin kawai.

Mun je neman sauƙi, muka dawo da sanin da ba ya warkarwa. Da can ina barcina lafiya, yanzu Baba ko tari ya yi sai na farka.

Washegari na iske shi a gona, sunkuye.

"Baba, likita fa ya hana."

"Ya faɗa maka ranar?"

"A'a."

"To matsa, kana taka mini dawa."