Hatimin Baba Numa

Duk wanda ya yi aikin kwanson agogo a garin Le Locle na ƙasar Switzerland a zamaninmu ya san Numa Perrenoud, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da gashin baki kamar buroshin takalmi. Mu matan ɗakin goge muna ce masa Baba Numa a gabansa, a bayan idonsa kuwa Mai Zarto. Irma abokiyar aikina ce ta raɗa masa sunan, kuma ya sani sarai, bai dai taɓa nuna ya ji ba. Shekara arba'in da uku yana cikin zinariya, amma agogon hannunsa na farin ƙarfe ne, igiyarsa duk ta ƙoƙe.

Gidanmu, wato masana'antar da muke aiki, ba ya haɗa agogo, kwanso kawai muke yi. A ƙasa ake tsoma su a ruwan zinariya ko na azurfa, lantarki ya manne musu shi. Daga nan a hawo mana da su sama mu fito da sheƙinsu a kan faifan goge, sai kuma su wuce teburin Baba Numa da ke bakin taga ta ƙarshe. Shi ke riƙe da hatimi. A bayan kowane kwanso yana buga ƙaramar ƙararrawa, alamar gidanmu, da harafin G, da lamba goma ko ashirin. Lambar nan kaurin zinariyar ne a ma'aunin maikiron, wanda silin gashi ɗaya ya kai saba'in ɗinsa. Doka ta ce abin da ka buga shi za a tarar. Baba Numa kuwa ko babu doka haka zai yi.

A kowane ɗari yakan kau da kai ya zari ɗaya, ya ɗaure shi a maƙata, ya raba shi biyu da zarto daidai kunnen da ake saƙala igiya, don a nan zinariya ta fi siranta. Sai ya sulɓe bakin yankan ya sa a madubin awo ya ƙirga. Duk sanda zarton ya fara kuka, Maigida Willy yakan leƙo daga ofis yana yamutsa fuska kamar haƙorinsa ake cirewa. Akwai kuma ƙa'idar gidan tun zamanin uban Maigida: in aka ɗauki sabuwar mai goge, a cikin hamsin ɗinta na farko ake yanka ɗaya, don a san nauyin hannunta.

Ni na zo a kakar 1974, ina da shekara talatin da shida. Inda nake da an rufe, mijina ma an sallame shi, ga 'yan mata biyu a makaranta. Lokacin agogon batir ya fara shigowa daga gabas, kowane wata sai ka ji an kulle wata ƙofa a garin. Samun wannan kujera a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Shekara goma sha biyu na yi ina goge kwanson farin ƙarfe, kuma ba yabon kai ba, na iya. Sai dai farin ƙarfe taurin kai gare shi, sai ka danna da kafaɗa yake sheƙi. Da wannan kafaɗar na zauna wa zinariya.

"Ke Bluette," in ji Irma da ke gefena, "kwanso ne a hannunki ko gindin tukunya kike kankarewa?"

"Duba naki ki duba nawa, sannan ki yi magana."

"Oho dai. Ni na faɗa, uwar 'yan sheƙi."

Na ɗauka hassada ce, don nawa har ido suke kashewa. Mako uku ina aiki a kan wasu kwanso ɗari shida na wani ɗan kasuwa a Caracas, can Kudancin Amurka, duk na ashirin. Babu wanda ya ce min kanzil, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Ranar wata Alhamis da hantsi zarto ya yi kuka. Can ya sake, can kuma ya sake. Sau uku a rana ɗaya ba mu taɓa ji ba. Da aka busa na tafiya cin abincin rana Baba Numa ya zuba guntayen a aljihu ya fita, bai dawo ba sai wajen ƙarfe biyu. Ya wuce ofis, aka aiko in zo.

"Sha uku, sha huɗu, sha biyu," ya ce, yana jera guntayen a gaban Maigida. "A kunnuwa ke nan. Zinariyar tana jikin faifan Madam Bluette."

Maigida Willy ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Mutum arba'in ke ci a ƙarƙashinsa, kuma wannan ne babban aikin da ya rage mana kafin sabuwar shekara. Ya dafe kai, sannan ya dubi Baba Numa.

"Numa, tsakaninmu. A bayan kwanson ai ashirin ɗin ta cika ko?"

"Ta cika. Amma ba a bayan yake fara koɗewa ba."

"To wa zai ɗauki zarto ya yanka agogonsa a Caracas, fisabilillahi?"

"Hannun rigarsa zai yanka masa. Shekara uku ka ga jan ƙarfe ya leƙo a kunne, ga ƙararrawarmu a baya."

"Kai dai wallahi ba a shan shayi da kai a ji daɗi." Maigida ya miƙe. "Ka ji magana biyu. Ko ka buga ashirin kaya su tafi, ba wanda ya yi laifi. Ko a wanke su a sake tsomawa, mu makara, ni kuma in sallami wadda ta ɓata. Ba zan ci wannan asara kowa na zaune a kujerarsa ba. Litinin ka ba ni amsa."

Abin da na yi washegari har yau ina jin kunyarsa. Na tare Baba Numa a matakala lokacin tafiya cin abincin rana, bayan kowa ya sauka.

"Baba, don girman Allah ka buga. Bugu ɗaya ne fa. Ka san halin gidana."

"Na sani, 'yar nan."

"To mene ne a ciki? Giɓin maikiron bakwai ɗin da ko ido ba ya gani?"

"Wanda zai saya ma ba ya gani. Shi ya sa ya bar min in gani masa."

"Shi ka sani, ko ni? Mutumin da ko sunansa ba ka taɓa ji ba ya fi maka 'ya'yana?"

Ya gyara hularsa ya ce, "Ba zan buga ba." Ya raɓa ni ya sauka. Na bi shi da baƙar magana, na ce masa tsohon banza mara imani, wanda ƙarfe ya fi masa mutum. Ko waiwaye bai yi ba. Ranar Lahadi mijina ya kwashi yara suka hau makiyayar kan tudu gasa tsiran nama a toka kamar yadda aka saba da kaka, ni ko ƙofa ban leƙa ba. Na tsani mutumin nan a kwana biyun nan tsana mai tsanani.

Litinin da safe na zo da jaka a hannu don kwashe tarkacena. Baba Numa bai shiga ofis ba. A tsakiyar ɗakin goge ya tsaya, ya sa aka kira Maigida, ya ce a kashe injuna.

"Kayan nan ba zan buga musu ashirin ba," ya ce. "Wannan an gama. Saura wanda ya ɓata. Willy, mece ce ƙa'idar babanka a kan sabon hannu?"

"A yanka ɗaya a hamsin ɗin farko."

"To ban yanka ba. Da na yanka, hamsin za ta ɓata, in ce ta sassauta, shi ke nan. Mako uku tana yi ban ɗaga zarto ba."

Maigida ya dube shi. "Kai? Mantuwa ka yi?"

"Ban manta ba." Ya ciro wata takarda da ta sha ninki ya miƙa masa. "Daga likitan ido ce a birnin Neuchâtel, tun watan Afrilu take aljihuna. Na dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Layukan madubin nan da nake karantawa a minti ɗaya, yanzu sai in yi awa ina fama. Sai na rage yanka don kada a lura. Waɗannan ukun ma sai da na kai wa wani abokina ya tabbatar min. Ita hannunta mako ɗaya zai gyaru. Idona ba zai gyaru ba."

Irma ce ta fara sa gefen riga a ido, ita da bakinta ba ya mutuwa. Saura shekara biyu Baba Numa ya yi ritaya da mutuncinsa, a yi masa liyafa da jawabi. Ba wanda ya san zancen idon nan, kuma da ya yi shiru ba mai sani, ni ce dai zan tafi.

"Haba Numa," in ji Maigida. "Ka san ba zan iya barin hatimi a hannun wanda ba ya gani ba."

"Da ka bari da na raina ka." Ya ciro ƙarafan hatimin daga aljihun gaban rigarsa, ya ajiye su ɗaya bayan ɗaya a kan teburina, don shi ya fi kusa.

An wanke ɗari shidan an sake tsomawa, suka tafi a makare da kwana goma sha takwas, da ashirin ɗinsu cif. Wani aka ɗauko daga La Chaux-de-Fonds, garin da ke maƙwabtaka da mu, ya buga hatimin. Maigida ya yi wa Baba Numa tayin zama a ɗakin ɗaure kaya, ya ce ya gode, a ƙarshen wata ya tafi. Ni kuwa aka ce in koma kujerata.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya hawa gidansa. Na tarar da shi a kicin yana feraye dankali da lalube, dusar ƙanƙara ta farko tana sauka a waje. Na shirya magana mai tsawo tun daga hanya, da na buɗe baki sai kuka.

"A'a, a'a, kar ki jiƙa min dankali," ya ce. "Zauna."

"Baba, na zage ka, kai kuma ka ba da aikinka saboda ni."

"Wa ya ce saboda ke? Da laifinki ne ke kaɗai, da kin tafi, ina kallo. Wata bakwai ina buga wa mutane lambar da ban gani da kyau ba. Wannan ya fi zaginki ciwo."

Na san ba lallashina yake ba, don bai iya ba. Ya goge hannu a tsumma.

"Yaya hannun? Har yanzu gindin tukunya?"

"Irma ta ce na rage."

"Irma me ta sani. Miƙo nan."

Na miƙa. Ya laluba ya kama, ya ɗora babban yatsansa a bayan hannuna ya danna har na ji zafi. "Wannan farin ƙarfe." Sai ya sassauta, ya sassauta, har ya zama da kyar nake jin ɗumin yatsan. "Wannan zinariya. Kin ji?"

Na ce na ji. Bai yarda ba, sai da na yi masa a nasa hannun sau uku, sannan ya koma kan dankalinsa.