Yolanda Pettiford, Kunnen Low Orchard

Kullum da hantsi za ka ga Yolanda Pettiford ta sauko daga bas a Jamaica Avenue, kofi a hannu, burodi mai bota a jaka, ta gangara ɗakin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin shagon wanki. Ko rigar sanyi ba ta cirewa sai ta kunna na'urorinta. Asabar mai zuwa za ta ajiye aiki, kuma zancen ya karaɗe unguwar Queens!

Duk masoyin ƙungiyar mawaƙan rap ta Low Orchard ya san Cedric da Lamar, amma kaɗan ne suka san matar da ta haɗa musu sauti. Suna samari suka zo mata, lokacin da kasuwa ke neman waƙar bindiga da sarƙar zinare, su kuwa baitocinsu na lambun kakarsu ne da tsoron jarrabawa. Ana cikin ɗauka, injin wanki na sama ya hau girgiza.

"Anti Yo, an ɓata mana waƙa!" in ji Cedric.

"Kai dai kunnenka na ado ne," ta ce. "Lamar, bi bugun nan!"

Ta cusa makirfo jikin rufi, Lamar ya hau zuba baiti, Cedric na tsalle kamar zai fasa bango. Waƙar nan ce ta fito da su, har yara a unguwanni suka gane cewa ana iya yin wannan kiɗa ba tare da cika baki ba.

Bayan rasuwar Lamar, guguwa ta turo ruwa cikin ɗakin. Mista Huang mai shagon wanki ya ga abin da idonsa: Yolanda cikin ruwa har ƙugu, tana miƙo masa kaset-kaset ɗin asali.

"Fito, matar nan, za ki mutu!"

"Karɓi dai! Muryar yarona ce a ciki!"

Ta shafe hunturu tana goge su tana busarwa a hankali. Ran da ta kira Cedric ta kunna masa, sai ga dariyar Lamar tangaram, da waƙoƙin da ba wanda ya taɓa ji. Cedric, ƙato guda, ya zube ƙasa yana kuka yana dariya. Da kundin waƙoƙin nan ya fito, layin masu saye har ya zagaya kwana, iyaye da 'ya'yansu suna rerawa tare!

Ke ce kunnen da bai taɓa raina ƙaramin sauti ba, Anti Yo. Ke ce kika ce wa yaran da aka kira bauɗaɗɗu su ci gaba da bauɗewarsu. Mun gode, uwar sauti.

Ku masu ɗakunan sauti, gobe wani yaro zai ƙwanƙwasa muku ƙofa da waƙar da ba ta kama da ta kowa. Ku buɗe masa.