Kwalbar Auta a Shagon Mai Labule

Mai Labule ya shafe rayuwarsa yana hana rana shiga gidajen mutane, su kuma suna gode masa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ɗinki, faffaɗan teburin yanka, da yadudduka jingine da bango. Hannunsa na da kyau, bakinsa ne ba birki. Wanda ya kawo awon taga ɗaya sai ya tafi da tarihin gidan Mai Labule kaf. Matarsa, da ke zama gefe tana kafa wa labulaye zobba, takan ce da ana ɗinka wa baki labule, da tuni ta yi masa mai ninki biyu.

Rabin surutun na autarsu ne. Ita ce ta yi karatu mai zurfi, tana aiki a ɗakin bincike, tana haɗa wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda in an haska musu fitila sai su mayar da nasu hasken. Girman ƙwaya ke yanke launi: manya ja, ƙanana shuɗi. Shi dai ya taƙaita wa mutane: "'Yata na koya wa ƙura walƙiya."

Auta ta rasu bayan gajeriyar jinya. Da ƙafa ta ɗauke, abokiyar aikinta ta kawo musu wata kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, da 'yar tocila mai shuɗin haske. Ta haska, ruwan ciki ya kama ja kamar garwashi.

"Haɗinta na ƙarshe ne, Baba. A ajiye shi a duhu."

Maganar duhu ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Ya ɗora kwalbar a kan taga, yana haska wa duk wanda ya leƙo. Abin mamaki, da farko hasken ƙaruwa ya yi.

"Kin gani, Maman Auta? Muryata take ji."

"Shi ya sa ta yi ja. Kunya ce."

Daga baya jan ya koma ruwan lemo, ya fara dushewa. Ya zargi batir, ya zargi idonsa, ya zargi maƙwabcinsa mai aski da kambun baka. Da waɗanda zai zarga suka ƙare, ya kira abokiyar aikin.

Da ta zo ta ga inda kwalbar take, ta dafe kai. "Baba! A kan taga?"

"Ai ƙara haske ta yi!"

"Haka suke yi. Haske kaɗan yana gyara bayan ƙwayoyin, sai su ƙara ƙyalli. In ya yi yawa, shi da 'yar iskar da ke ciki su riƙa cin bayansu, su ƙanƙance, launi ya sauya, su dushe."

"To a sa mata caji."

"Ba waya ba ce, Baba. Ko a duhu ma wata rana za ta tafi, sai dai a hankali."

"Ba a haɗa wani?"

"Ana haɗawa. Amma ba da hannunta ba."

Bai ce komai ba, abin da matarsa ta ce ya cancanci a sanar a rediyo. Ranar ya ɗinka wa kwalbar jaka da baƙin yadi mafi kauri a shagon. Daga nan jakar kawai yake nunawa, sauran ya cika da baki, har hasken ya kai ga kashe idon kyanwa.

Amma duk sanda ya ɗan duba, sai ya ga ya ƙara raguwa. Wannan ya fi komai ƙona masa rai: shi da ya toshe wa masu aikin kwana tagogi suna barci har la'asar, a ce haske ya bi ta ɗinkinsa? Ya farke, ya sake, ya ƙara ninki. A banza.

Wata rana ya fita rataye labule, ya manta ƙusoshi, ya dawo ya ɗauke su. An lulluɓe teburin yanka da baƙin yadi har ƙasa, ga tafin ƙafa biyu sun leƙo, ga ɗan haske ruwan lemo yana fita ta gefe.

"Maman Auta! Ashe ɓeran na gida ne!"

"Kai ka haska wa duniya, har da mai gyaran famfo," muryar ta fito daga ƙarƙashi. "Ni da na haife ta, jaka zan kalla?"

"Zai ƙare fa."

"Na ji abokiyar aikinta da kunnena. Ko mun kalla ko ba mu kalla ba."

Ya tsaya riƙe da ƙusoshi. Can ya ajiye su, ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Matsa."

"Da wannan tumbin? Ina wurin?"

Ta matsa. Jim kaɗan wani ya yi sallama a bakin shago, ya sake yi, yana tambaya ko mai labule na nan. Mai Labule ya buɗe baki, ta zungure shi da gwiwar hannu, ya rufe.