Muryar Baba a Wayoyin Mutane

Ni ce mai bin labaran fasaha a gidanmu. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma idan na dawo na ci abinci, sai in kishingiɗa da waya ina karanta abin da kamfanonin ƙasashen waje suka ƙirƙiro. A nan na fara ganin labarin manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum. Wai ka ba ta maganarsa kaɗan, sai ta faɗi duk abin da ka rubuta mata da muryarsa. Masu sharhi suna ta gardama, wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa a kafa doka. Da na ba Baba labarin, dariya ya yi, ya ce Turawa ba sa rasa abin wasa.

Baba shi ne limamin wani ƙaramin masallaci a layinmu, a Tudun Wada. Yana ba da karatu bayan magariba, ɗalibansa na ɗauka a waya suna yaɗawa a zaurukan sada zumunta. Ba wanda ya taɓa ganin aibun haka.

Wata Asabar da hantsi wata ƙawata ta kira ni daga unguwar Hanwa. Ko gaisawa ba mu yi sosai ba ta tambaye ni ko lafiya muke a gida, ta ce in saurari abin da ta turo mini. Na kunna. Muryar Baba ce, har da ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya fara magana. Amma kalaman da ke fitowa cin mutunci ne ga manyan magabatan addini, irin wanda ba zan iya maimaitawa ba ko a takarda. Na zauna a daɓen tsakar gida. Na san abin da irin wannan zargi yake jawo wa mutum a garuruwanmu kafin a tsaya bincike.

Na kai wa Baba wayar a zaure. Ya saurara, ya ce in sake kunnawa. 

"Muryata ce," ya ce. "Amma Allah Shaida ne, bakina bai taɓa furta wannan ba."

Kafin azahar samari sun fara taruwa a bakin layi, yawancinsu ba 'yan unguwarmu ba ne. Babura na zuwa suna sauke wasu. Inna ta garƙame ƙofa, ta tattara jikoki ta shigar da su uwar ɗaki. Ni kuwa ina ta rubutawa a duk zauren sada zumuntar da nake ciki cewa na'ura ce ta haɗa muryar. Wani ya amsa da cewa ai 'yarsa ce, me za ta ce dama? Wani kuma ya saka hoton ƙofar gidanmu. Ina kallon hoton na ji dutse na farko ya daki kwanon rufinmu.

Mai unguwa ya zo da wasu dattawa, suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suka zauna. Wannan ne ya ɗan tsayar da samarin. Da ya shigo zaure, ya gaya wa Baba gaskiya cewa shi bai taɓa saninsa da mugun furuci ba, amma kunnensa ya ji, kuma bai san abin da zai faɗa wa mutane ba.

Na kira mijin yayata, wanda ke koyar da kwamfuta a jami'a. Ta gidan maƙwabta ya shigo, da kwamfutarsa a jaka. Ya roƙi mai unguwa ya yi ɗan bayani a waya, kowane iri. Ya ɗauki muryar, ya duƙufa a kan kwamfutar yana latse-latse, mu kuma muna jin hayaniyar waje tana ƙaruwa. Can sai muryar mai unguwa ta fito daga kwamfutar, tana cewa ya ajiye rawani zai koma sayar da rake a Gyallesu. Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya dafe ƙirji yana salati.

"Taso da ita, Malam," ya ce wa mijin yayata. "Su ji da kunnensu."

Ta kafar taga na leƙa. Mai unguwa ya tsaya a gaban taron bakinsa a rufe, muryarsa na magana daga lasifikar masallaci da aka haɗa da kwamfutar.  Sannan ya yi musu bayani, ya ce duk mai son taɓa liman sai ya fara da shi. Wasu suka sulale. Wasu suka ce dabara ce kawai, suka ci gaba da tsayuwa har motar 'yan sanda ta iso bayan la'asar.

Washegari aka kai Baba gidan ƙanensa a Tudun Jukun, ya yi makonni a can. Da ya dawo ya ci gaba da limanci, amma wasu ɗalibansa ba su sake zuwa ba. Har yau ba mu san wanda ya haɗa abin ba, ko dalilinsa.

Bayan wasu watanni na shiga adaidaita sahu zan je kasuwa. Matar da ke kusa da ni ta kunna wayarta, sai ga muryar nan ta Baba da aka haɗa. Ta juyo ta tambaye ni ko na ji abin da wani malami ya faɗa. Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na ga direban yana kallonmu ta madubi. Don gudun kada a gane ni 'yarsa ce, na ce ya tsaya, na sauka tun ban kai ba, na ƙarasa da ƙafa.